Bindigar da Lonnie Ya Zaɓa

Ƙanena Lonnie irin mutanen nan ne da idan ka aike su sayo gishiri sai sun karanta bayan kowane kwali a kanti, kuma su dawo maka da sukari. Haka yake tun yana yaro, haka ya yi furfura a Louisville yana sayar wa mutane inshora. To wannan bawan Allah shi Baba ya ɗora wa harbo masa kurege.

Baba ya dawo gidana da zama tun da aka yi masa aiki a ciki. Baban namu, Orville Embry, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin kwal yana cin abincin ƙarti uku, ya koma ba ya iya gamawa da rabin kofin romo. Ya rame har haƙoran robarsa suka daina zama a baki, ya jefa su cikin kofi ya manta da su. Na daka dankali, na dama masara, na dafa kaza har ta narke. Sai ya leƙa kwanon, ya ture shi da bayan hannu kamar na kawo masa ruwan wanki. Nas ɗin da ke zuwa duba shi, Misis Tichenor, ta ja ni baranda ta faɗa mini gaskiya: idan ya ci gaba da zubewa haka, gidan jinya za a kai shi a Owensboro, a zura masa roba a ciki a riƙa ɗura masa abinci. Baba ya ji ta ta taga. Ya ce gara a jefa shi a kwata.

Wata safiya a watan Agusta muna zaune, sai muka ji ɓawon 'ya'yan bishiyar hikori yana zubowa a kan kwanon rumfa, ƙas, ƙas. Kurege sun fara yankan 'ya'yan itace a bayan gida. Baba ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Kurege zan ci."

A gidanmu idan Baba ya ce kurege, kan kuregen yake nufi. Cinya da baya na yara ne. Mama, Allah ya ji ƙanta, takan dafa kawunan su yi laushi ta jera masa, shi kuma ya fasa da bayan cokali ya tsotse ƙwaƙwalwar yana lumshe ido. Likitoci sun daɗe suna cewa a daina ci, Baba ya ce likitoci biyu ne suka hana shi taba, kuma duka biyun ya je jana'izarsu. Ni dai na ji daɗi, don abu ne da marar haƙori zai iya haɗiyewa, kuma na san idan bakinsa ya buɗe da wannan, sauran abinci zai bi baya. Na miƙe zan ɗauko bindigar marigayi mijina.

"Ba ke ba, Wilma," in ji shi. "Kira Lonnie."

Na tsaya ina kallonsa. Ni ce ya riƙa ja zuwa daji tun bindiga ta fi ni tsawo. Lonnie kuwa, ranar da aka fara harbi a gabansa, a ƙarƙashin kujerar mota aka tsinto shi ya toshe kunnuwa. Duk ranar da aka dafa kurege sai ya ɗauki burodinsa ya fita baranda, wai yana jin tausayi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na kira shi.

Ya iso ranar Asabar da sabon takalmin daji mai sheƙi da hula mai zanen ganye, kai ka ce yaƙi za shi. Na miƙa masa bindigar mijina, ya ja da baya.

"A'a Yaya, bindigar iska zan saya, ba ta da ƙara. Saboda maƙwabta."

"Waɗanne maƙwabtan? Tsohuwa Daugherty da ko aradu ba ta ji?"

"Ai doka ce, Yaya, akwai gidaje kusa."

"Doka ce ko kunnenka ne?"

Sai ya shiga latsa waya. Daga nan aka buɗe babin zaɓe. Ashe bindigar iska ma dangi gare ta. Akwai wadda ake karya hancinta a ɗana, akwai wadda ake bugawa da hannu kamar famfon keke, akwai mai tankin iska a ciki. Akwai mai ƙaramin baki da mai babban baki. Duk wannan a bakin Lonnie na ji, shi kuma a bakin wani mai gemu da ke surutu a waya, wanda na tabbata kuregen da ya taɓa ci bai wuce na hoto ba. Lonnie zai zauna a teburina, ya cinye mini kek, ya ce ƙaramin baki ya fi gudu amma babban baki ya fi duka. Gobe ya ce a'a, ya sake tunani. Litinin ya koma Louisville wurin aiki, Asabar ya dawo da sabon tunani. Kuregen kuwa suna can suna ƙiba, har sukan zauna a kan shinge suna kallonsa ta taga.

Baba yana kujerarsa yana jin komai. Agogon hannunsa da a da yake matse shi ya koma yana zamewa har gwiwar hannu.

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na sa Lonnie a gaba zuwa kantin Garland Maddox, wanda muka yi makaranta tare. Garland ya ɗauko wata baƙa marar ado, irin mai karyewa, ya ɗora a kan tebur.

"Ga ta nan, Lonnie. Ka karya, ka sa harsashin dalma, ka harba. Jikata ma da irinta take korar kurege daga lambu."

Lonnie ya kafa gindin a cinya, ya kama hancin ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sake ja, fuskarsa ta yi ja wur, jijiyar wuya ta fito. Da ƙyar ta ce ƙarar, ya sauke numfashi kamar ya ture mota.

"Ba a yi mata aiki mai kyau ba," in ji shi.

"Shekarar jikar tasa goma sha biyu," na ce.

Garland ya danne dariya. Amma ɗan kasuwa ne, ya ga takalmin, ya ga motar da ke waje, ya gane irin kifin da ya faɗo masa. Ya shiga ciki ya fito da wata a cikin akwati mai soso, doguwa, mai tanki, da madubin hangen nesa kamar kwalbar lemo a kanta.

"Wannan ba ta kowa ba ce," in ji Garland, yana shafa ta. "Ka ga turken lantarkin can? Ka ɗora murfin kwalba a kai, za ta huda maka tsakiyarsa. Kuma shiru, ko tari ya fi ta ƙara."

Idon Lonnie ya kawo haske. Ban sani ba ko murfin kwalbar ne ya tafi da shi, ko shirun.

"Lonnie," na ce, "kurege za ka harba, ba ƙuda ba. Dabba ce mai ƙirji kamar tafin hannuna."

"Yaya, ke ba ki gane ba. Zamani ya canza. Yanzu maganar saiti ake yi."

"Mu da muka yi shekara da shekaru muna ci, da addu'a muke kaso su?"

"Wilma, bar yaro ya sayi abin da ransa ke so," in ji Garland. Yaron da ya ba hamsin baya.

Aka kawo ta gida, sai kuma aka shiga cika mata iska. Ashe da wani dogon famfo ake yi, a taka da ƙafa a danna da hannu biyu. Na tsaya a tagar kicin ina kallon ƙanena yana sama yana ƙasa a tsakar gida, gumi ya jiƙa hular ganyen, tumbinsa yana rawa. Da ya gama sai ya zauna ya huta. Sannan ya jera murafen kwalba a kan shinge. Asabar guda da Lahadinta ya ɓata yana kashe murafe, kuregen suna bisa kansa suna jefo masa ɓawo.

A makon ne Misis Tichenor ta ɗora Baba a sikeli, ta kalle ni tana girgiza kai. Na sami Lonnie a bakin shinge na sauke masa.

"Ubanka yana ƙarewa, kai kana nan kana yaƙi da kwalabe!"

"Ba zan raunata dabba ta tafi tana wahala ba, Yaya," ya ce, bai ko ɗago daga madubin ba. "Harbi ɗaya, shi ke nan. Kuma ba zan kawo wa Baba abin kunya ba."

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa: ya iya. Duk murfin da ya saita sai ya tashi. Na ce a raina, to, ko jaki ma idan aka daɗe ana bi da shi hanya yakan gane gida.

Ranar Lahadin da ta biyo na tafi coci na bar shi yana ɗaura takalmi. Ban sa rai da komai ba. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya tare ni, soyayyen kurege da miyar fulawa, irin na Mama. Na shiga na tarar da abin da rabona da gani tun kafin asibiti: Baba a kan tebur. Ya aske gemu da kansa, har ya yanke a haɓa. Ya sa rigarsa ta fita, wuyan ya yi masa yawa. Cokali yana hannunsa, ya juya bayansa sama, yana jira. Sai da na dafa bango, don idona ya cika.

Lonnie ya fito daga kicin da zanen girkina ɗaure a ƙugu, yana ɗauke da tukunya kamar an ba shi kofin gasa.

"Biyar, Yaya! Ni na feɗe, ni na dafa. Zauna ki gani."

Ya zuba wa Baba. Baba ya sa cokali ya juya, ya ture cinya gefe, ya ture baya. Ya jawo tukunyar ya leƙa, ya juya ta har ƙasa.

"Ina kawunan?" ya ce a hankali.

Lonnie ya washe baki. "Ai nan ne gwanintar, Baba! Duk a ka na same su, tsakanin ido da kunne. Ko ɗaya bai motsa ba. Kawunan sun dagargaje, na yanke na watsa a rafi. Duba naman, ko ƙwarzane babu."

Na ji jini ya hau mini ka. Ɗan gidanmu, wanda aka haifa a ɗakin da ke kallon teburin da Baba ya yi shekaru yana fasa kawuna, bai san abin da ubansa ke ci ba. Sati nawa muna jira, tsoho yana narkewa, shi yana koyon yadda zai lalata abu ɗaya tak da aka aike shi ya kawo. Na cika baki da magana, kuma wallahi da ta fito da sai ya koma Louisville a ƙafa.

Sai na ji ƙafar Baba a kan tawa a ƙarƙashin tebur. Ba nauyi a cikinta, amma ya danna.

Ya ajiye cokalin. Ya ɗauki cinya da yatsu, ya yagi tsoka da ƙyar ya sa a baki. Tsohon kurege ne, irin wanda mai haƙori talatin ma sai ya yi da gaske. Baba ya shiga murza shi da dasashi, yana juya shi daga wannan kunci zuwa wancan, maƙogwaronsa yana motsi ba abin da ke wucewa. Lonnie ya tsaya a kansa, hannu a ƙirji, idonsa ya yi rau-rau.

"Ya yi, Baba?"

Baba ya gyaɗa kai. "Harbi ya yi kyau, ɗana."

Ban taɓa jin ya ce masa haka ba, kuma na ga alama shi ma Lonnie bai taɓa ji ba. Ya juya da sauri yana goge fuska da zanena, ya ce bari ya kira matarsa ya gaya mata. Muna jin sa a baranda yana ɗaga murya: "Yana ci, Charlene! Wallahi yana ci!"

Baba ya zaro hankici, ya tofar da naman a ciki yadda ya shiga, ya naɗe ya tura aljihu.

"Gobe da sassafe zan fita," na ce. "Da bindigar mijina. Kafin ka tashi na kawo maka uku da kawunansu."

"A'a."

"Baba, Laraba matar nan za ta dawo da sikelinta!"

"Idan kika fita, Lonnie zai san nasa bai yi ba."

"To ya sani mana! Ya daɗe bai san komai ba!"

Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da yake mini a daji idan na taka busasshen reshe. Zuciyata tana tafasa. Wata nawa ina tsaye a kan murhu, ina wanke shi, ina juya shi, bai taɓa tauna loma ɗaya don ya faranta mini ba. Wannan kuwa ya zo da takalmi mai sheƙi ya ɓata komai, an ce masa ɗana. Kishi na ji, tsantsarsa, har da ɗaci a harshe.

Baba ya ture kwanon, a hankali wannan karon, ya share bakinsa.

"Na ce zan ci kurege, kuma na ci," in ji shi. "Ki gaya wa matar ta kawo takardun gidan jinyar."