Jan Tumatirin Ɗanbaba

Shekarar da tumatirin Malam Sunusi ya ruɓe a bakin titin Kura, babu wanda ya fahimci dalili. Gonarsa ce ta fi kowacce kyau a layin. Tumatirin ya nuna jajir, kwanduna sun cika, amma dillalan da ke saye ta shafin intanet na ƙungiyar manoman rani ko kira ba su yi ba. Motoci suka zo suka ɗebi na maƙwabta suka bar nasa a rana, har ya fara zubar da ruwa.

'Yarsa Muhsina ita ce mai ɗaukar wa ƙungiyar hoto. Ta yi difloma kan kwamfuta a Kano ta dawo gida, aka damƙa mata kyamara. Idan ta ɗauka, sai ta miƙa wa Datti, wanda ke kula da shafin, shi ya ɗora. Datti ɗan Alhaji Ɗanbaba ne, wani manomin tumatiri a layin, kuma tun da Malam Sunusi ya kai ƙarar Ɗanbaba kan toshe masa ruwan kwata ranar da ba layinsa ba, gidajen biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Wani direba mai suna Amiru ne ya fara nuna mata inda matsalar take. Ya tsaya shan ruwa kusa da kwandunan, ya kalli tumatirin, ya kalli wayarsa.

"Wannan ne na Malam Sunusi? Ai Hajiyar da nake wa tuƙi ta ce koɗaɗɗe ne. Duba ki gani."

Hoton da Muhsina ta ɗauka ne, amma jan ya mutu, ya koma kamar ƙasa-ƙasa, irin na tumatirin da ƙishirwa ta kama.

Tana komawa gida ta sauke hotunan daga shafin. Kyamarar ƙungiya tana ɗaukar launi da ma'auni mai faɗi, kuma a cikin kowane hoto takan saka ɗan bayani da ke gaya wa waya irin jan da ake nufi. Idan aka cire bayanin, waya sai ta yi nata hasashen, launi ya dusashe. Muhsina ta buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta sa manhajar exiftool ta karanto mata abin da ke cikin hotunan. Na Ɗanbaba bayanin launinsu yana nan. Na sauran manoma ma haka. Na mahaifinta kaɗai aka share, tas, ɗaya bayan ɗaya.

Ta sami Datti a ofishin ƙungiya yana cin gyaɗa.

"Yaya Datti, me ya sami hotunan Baba?"

"Me ya same su?"

"An cire musu bayanin launi. Nasa kawai."

Ya yi dariya yana karkaɗe ɓawo daga rigarsa. "Kin san halin kwamfuta. Wataƙila lokacin rage nauyin hotunan ne. Ko kuwa tumatirin ne dai haka Allah Ya yi shi."

Ta fita ta tarar da mahaifinta yana juye kwandunan a rami da hannunsa, ƙudaje na bin sa. A shekarar sai da ya sayar da injin ban-ruwansa. Da ta gaya masa abin da ta gano, cewa ya yi a bar wa Allah. Ita kam ba ta bari ba. Ta ci gaba da gaida Datti da fara'a, tana kai masa hotuna, damina ta zo ta wuce.

Da rani ya zagayo tumatiri ya nuna, ta zaga gonaki da kyamara kamar kullum. Kafin ta miƙa hotunan sai ta zauna da su. Na mahaifinta ta mayar da su ma'aunin da kowace waya ta sani, yadda ko Datti ya share bayanin babu abin da zai canza. Sannan ta buɗe na Ɗanbaba. Su ma ta mayar da su ƙaramin ma'auni, amma ta rubuta layin umarni guda, ta manna musu bayanin ma'auni mafi faɗi, wanda ba nasu ba. Ta tura wa wayarta guda ɗaya ta duba. Tumatirin Ɗanbaba, wanda bana bai yi wani abin kirki ba, ya fito ja wur kamar jini, ganyensa shar.

Ta san Datti ba zai taɓa hotunan ubansa ba. Da ya gan su ma murmushi ya yi. "Kai, Muhsina, hannunki ya faɗa."

Hajiya Ummul-Khairi, babbar dillaliyar da Amiru ke wa tuƙi, ta ga hotunan ta ce a ajiye mata gonar gaba ɗaya. Ɗanbaba ya kori sauran masu saye, ya sa aka tsinke komai. Wannan karon da kanta ta zo, da manyan motoci. Ta ɗaga tumatiri ɗaya, ta ɗaga wayarta kusa da shi a gaban jama'a.

"Alhaji, wannan da wannan uwarsu ɗaya? Ni za ku yi wa fenti? Da girmanka?"

Ɗanbaba ya rantse bai san komai ba. Ta ce ai ɗansa ne mai shafin. Ta juya motocinta zuwa gonakin gaba, kuma kafin la'asar labari ya kai Bunkure cewa gidan Ɗanbaba na rina hoto.

Shugabannin ƙungiya suka kira zama. Datti ya miƙe ya nuna Muhsina.

"Ita ce! Bayanin launi ta canza. Na duba na gani."

"Ashe ka san yadda ake dubawa, Yaya Datti," in ji ta. "To, ranka ya daɗe shugaba, a buɗe na bana a gaban kowa. Amma a haɗa da na Babana na bara, na ajiye su yadda na sauke su daga shafi. Sai ya bayyana mana duka biyun."

Datti ya kalli mahaifinsa, ya kalli Malam Sunusi da ke zaune a gefe, ya koma ya zauna. Shugaba ya tambaye shi ko a buɗe, ya kau da kai. Nan take aka karɓe kwamfutar ƙungiya daga hannunsa. Muhsina ma aka karɓe kyamarar, aka ce sai an yi shawara. Ta ajiye ta a kan tebur ba tare da gardama ba.

A hanyar gida, da suka haye gadar kwata, Malam Sunusi ya dubi 'yarsa.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Baba."

"Akwai masu tsinka da 'yan dako da ke ci a gonar nan. Su me suka yi miki?"

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta ce ta yi nadama ba. Ya ce gobe ta je ta roƙi shugaba ya bar ta ta gyara hotunan, ko Allah Zai sa wani ya sayi abin da ya rage. Ta ce to.

Gyaran bai fi layin umarni ɗaya ba, ta sani. Washegari ta ce kanta na ciwo. Rana ta biyu ta ce babu wuta. Sai da ta ga matan unguwa sun fara yanka tumatirin Ɗanbaba suna shanyawa a kan buhuna, wanda ya rage kuma an kai wa shanu, sannan ta yafa mayafinta ta nufi ofishin ƙungiya.