Tafiyar Yaya Inuwa

Shekara talatin da ɗoriya Tasi'u ya yi yana wasan kwaikwayo, daga dandalin wata firamare a Haɗeja har finafinan Kano, bai taɓa fitowa a jarumi ba. Shi ne direba, shi ne maigadi, shi ne kawun da ake kira in rigima ta yi tsami. Kuma bai taɓa ƙirƙirar mutum da ka ba. Tasha yake zuwa ya tsura wa bawan Allah ido, ya kwashe tafiyarsa da muryarsa tsaf. Abin da bai gani ba, bai ji ba, ko za a yanka shi ba ya iya yi.

Fitowar da ta yi masa suna ita ce ta wani masunci mai jan ƙafar hagu, mai gyaran murya sau biyu kafin ya ce uffan. Kano ta sha dariya. A garinsu Kirikasamma kuwa kowa ya san mai ƙafar: yayansa Inuwa ne, wanda kurkunu ya nakasa tun suna ƙanana. 'Yan kasuwar kifi suka mayar da shi abin tsokana. Inuwa bai yi faɗa ba. In dai Tasi'u ya shigo gari, sai Inuwa ya tura kwalekwalensa cikin fadama, ba ya dawowa sai ƙanen ya tafi. Haka suka yi shekara goma sha bakwai, Tasi'u yana ta cewa baɗi zai je ya durƙusa ya nemi gafara.

Da aka bugo masa cewa jikin Inuwa ya yi tsanani, damina ta cinye hanya. Kafin ya iso har an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar uku ya shiga cikin gida ya tsuguna gaban Asabe, matar marigayin.

"Yaya Asabe, ya ambace ni? Ya ce ya yafe?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Tasi'u. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba."

Sai Bashira, 'yar marigayin, ta ɗago kai. "Baffa, tun fitowar fim ɗin nan Baba bai ƙara yarda an ɗauke shi hoto ba, ko muryarsa ba mu da ita. Don Allah ka yi mana shi sau ɗaya."

Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ya miƙe, ya koma bakin zaure, ya shigo yana jan ƙafar hagu. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Asabe, a kawo min ruwa mana."

Ba wanda ya yi dariya. Asabe ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Nan wani tunani ya zo masa: ga muryar Inuwa a maƙogwaronsa, kalma uku kawai yake nema. Ya sake gyaran murya, ya buɗe baki zai ce "na yafe maka". Ya lalubi yadda yayan nasa yake faɗarta, inda yake ja da inda yake sauke murya, bai samu ba. Bai taɓa jin ta daga bakinsa ba.

Ya zauna a ƙasa, ya yi kuka da tasa muryar.