Kaset ɗin Tajaye

"Danna mana, Ishaku. Mi kaka jira?"

Ishaku bai danna ba. Yatsarsa na kan jan maɓallin rediyon, idonsa na kan Abarshi da ke kwance a zaure, an tokare masa baya da matasai biyu. Yanzu suka gama sauraren kokowar Malbaza ta kakar shekara goma sha biyu da suka wuce, kunnensa ma bai daina jin gangar ba.

"Baba, ko wanga ɗai mu bari. Ka ji yadda hilin ga ya ɗauka hwa."

"Na ji. Ai ni na ɗauke shi. Danna."

Ya danna. Rediyon mai baki biyu ne, kaset ɗin karatun Alƙur'ani a ɗaya, na kokowa a ɗayan. Suka shiga juyawa tare, karatu na hawa kan kiɗa yana shafe shi. Abarshi ya lumshe ido. Ishaku ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafunsa da suka sage.

Kwana na huɗu ke nan suna wannan aiki, ga shi ko kwali ɗaya ba su ƙarasa ba cikin uku.

Ishaku mai gyaran rediyo ne, rumfarsa na jikin katangar Abarshi a bayan tashar Konni. Shi kuwa Abarshi goro yake sayarwa, amma a garin nan in ka ce Abarshi mai goro sai a tsaya tunani, in ka ce Abarshi mai kaset ko makaho zai nuna maka gidan. Tun da ya sayo rikoda a Sakkwato, shekara goma sha biyar, ba a buga gangar kokowa tsakanin Konni, Malbaza da Illela ba tare da shi ba. Ya hau amalanke, ya hau bayan motar albasa, ya taka da ƙafa. Ya ɗauki kirarin ƴan kokowa da zambon makaɗa, ya ɗauki tsofaffi suna faɗin wanda ya kada wa tun zamanin Nasara. Matarsa Salamatu takan ce ko gobara ta tashi, kwalayen zai fara fitarwa, in ya huta ya koma ya duba ko tana ciki.

To wannan mutumin ne ciwo ya kwantar bayan girbi. Likita ya ce a mayar da shi gida ya huta, kowa kuma ya san abin da wannan hutun ke nufi. Ranar da aka dawo da shi ya sa a kira masa Ishaku, ya ce a shafe kaset-kaset ɗin duka, a ɗora karatu a kai.

"Duka, Baba?"

"Duka. Rabin mutanen da ke cikin kwalayen ga suna ƙasa. Sun yi alhwahari, sun zagi uwayen juna, wasu sun rantse da abin da ba Allah ba. Magana ta da iska ya kamata shi kwashe, ni kau na kama ta na ƙulle. Duk ran da anka kunna, sai a sake rubuta masu. Ga ni za ni iske su, mi za ni ce masu?"

Ishaku ba malami ba ne, bai san ko haka abin yake ba. Ya dai san mutumin da ya ba shi jikin katanga kyauta, ya kuma tsaya masa ranar sunan ƴarsa, yana roƙonsa abu da muryar da ba ta fita sosai. Ya ce to, ya yi alkawari, Salamatu na tsaye.

Aikin ba wuya gare shi ba, cin rai ne. Abarshi ya ɓalle ƴan haƙoran da ke saman kowane kaset don kada wani ya yi kuskuren ɗora masa waƙa a kai. Yanzu sai Ishaku ya zauna yana murza takardar sukari, yana cusawa a ramukan da tsinke kafin maɓallin ya yarda ya dannu. Sannan tsohon ya kafa sharaɗi: ba a shafe ko ɗaya sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe. Haka suke wuni tun hantsi. Rediyoyin mutane suka taru a rumfa, masu su na zuwa suna komawa da ƙunƙuni.

Zance ya zaga gari. Tsofaffin ƴan kokowa suka fara zuwa dubiya, dubiyar da ba ta ƙarewa. Su zauna a bakin zaure da tasbaha a hannu, ƙafa kuwa na bin ganga a ɓoye. Wani in ya ji kansa yana kirari sai ya sunkuyar da kai yana dariya, in an zo wajen shafewa ya tashi ya ce yana da uzuri.

Ranar Laraba Mushe Alhasan, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai kula da gidan matasa, ya zo da babur ɗinsa da takardu a hammata. Ya durƙusa ya gaishe da mara lafiya, ya yi bayani mai tsawo. Ya ce wannan tarihin ƙasa ne, ya ce zai samo alamari, wato kabad mai makulli, a ofishinsa, zai rubuta sunan Abarshi a jiki.

"Mushe," Abarshi ya ce, "hotunan ƴan ƙwallo da anka kawo maku bara waccan, suna ina?"

Mushe ya ce gara ta ɗan taɓa su.

"To ka gani. Gara ma ta hi ni tausai, ita ba ta jin abin da taka ci. Allah shi yi ma albarka, tahi."

Mushe ya fita, ya tsaya a rumfar Ishaku yana roƙonsa ya riƙa kwafa a ɓoye kafin ya shafe. Ishaku ya ce shi alkawari ya ɗauka, kuma ya gaji. Gaskiya ya faɗa, duka biyun.

A kwali na uku ya ci karo da shi. Abarshi na gyangyaɗi, Ishaku na jera na gobe, sai ya ga rubutun ajami a gefen wani kaset mai ruwan ƙasa: Tajaye, kaka, Mutari ɗan Kande.

Mutari yayansa ne, ɗan farin mahaifiyarsu Kande. Ya yi kokowa kaka uku a ƙauyukan Illela, daga nan ya tafi cirani Abijan, zazzaɓi ya kashe shi can shekara bakwai da suka wuce. Saƙo kawai aka kawo, da agogonsa. Ba hoto, ba kabarin da za a nuna. Ishaku ba ya zancensa da kowa, har ya fara mance yadda muryarsa take, abin da ya fi komai yi masa ciwo ke nan. Bai taɓa sanin tana nan bayan katanga ba, taku goma daga inda yake zama kullum.

Ya zura kaset ɗin a aljihun rigarsa. Da ya koma gida bai kunna ba, tsoro ya hana shi. Kwana shida yana yawo da shi, yana jin gefensa na tokarar masa ƙirji duk sanda ya yi ruku'u.

Abarshi kuwa ƙarewa yake yi tare da kwalin. Ya daina cin tuwo, ya koma kunu, ya koma ruwa a cokali. Ya daina faɗin wanda zai yi kaye kafin a yi. Wani lokaci Ishaku kan ɗauka barci yake, amma da kaset ya tsaya sai ka ji ya ce, "Danna."

Ranar Asabar da hantsi kwalin ya koma fanko. Salamatu ta kwashe kaset-kaset ɗin da suka zama na karatu, za a raba wa masallatai da direbobin tasha. Abarshi ya buɗe ido.

"Sun ƙare?"

Da Ishaku ya ce e, da shi ke nan, babu mai tashi ya bincika. Bakinsa ya ƙi.

"Saura guda, Baba."

"Na Tajaye."

"Shi na."

"Na san kana ganinai. Sau nawa nis so in ba ka, sai in ga ba ka son a ambaci yayanka." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Yaron kirki na, amma ranar nan bakinai ya yi kaihi. Shi ma shina ƙasa, Ishaku. In na sauke ma baƙi kaya, in bar ɗan'uwanka da nashi?"

"Baba, tsohuwarmu ba ta da komi nashi. Ko hula."

Abarshi ya kalli azarar zauren. Ƙudaje na sauka a gefen bakinsa, Salamatu na kore su da mafici.

"Kai mata ta ji. Sau guda. Daɗa ka san sauran."

Bai sake wata magana mai tsawo ba. Kafin la'asar Salamatu ta aiko a kira Ishaku daga rumfa, ya tarar tana shafa masa ido. Aka yi masa sutura aka kai shi kafin rana ta faɗi. Ƴan kokowa shida ne suka ɗauki makarar, duk sun yi furfura, suna canjin kafaɗa suna haki. Ishaku ya bi bayansu, bai yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko masa har ƙafa.

Bayan sadakar uku ya rufe rumfa, ya ɗauki ƙaramar rikoda mai baki ɗaya da sabon batir, ya shiga motar Tawa. Ya sauka a mararraba, ya ƙarasa Tajaye a amalanken wani mai kai gero. Duk hanya yana saƙa da warwara. Tsohon ya tafi, Salamatu ba za ta taɓa bincikawa ba, Mushe ma zai sa masa albarka. Alkawari kaya ne, an ce, amma ba a faɗi yadda mutum zai yi ba in kayan ɗan'uwansa ne.

Ya tarar da Kande a gindin rumbu tana ɓarar wake. Ta rage girma tun zuwansa na sallah. Bayan an gaisa ya sha fura, ya ajiye rikodar a tabarma.

"Inna, na zaka maki da wani abu. Muryar yaya ta."

Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Ba ta tambayi wane yaya ba. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, don kunyar ɗan fari.

Ya kunna. Hayaniyar fili ta cika tsakar gidan, ganga, guɗa, wani yana korar yara daga da'ira. Sai murya ta taso sama da kowa, mai kauri, tana ɗan karcewa.

"Ni na Mutari ɗan Kande! Ni na gawo, da damana in yi kwana, da rani in tashi! Wa shika ja? Ko aljani yaz zaka, ƙasa za shi, na rantse da gangar ga!"

Ishaku ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a baya. Ita ce muryar, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Ya rufe fuska da hannu. Aka yi kamu, aka daɗe, fili ya ɓarke da ihu, makaɗi na kiran ɗan Kande, ɗan Kande. Kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.



"Mura garai ranar nan," Kande ta ce. "Ka ji hancinai a toshe. Nac ce mai kar shi hita, yaƙ ƙiya."

Ta share ido da gefen zane. "Maido shi hwarko."

Nan ya gaya mata komai: Abarshi, kwalaye uku, dalilin tsohon, da sau guda. Ya ƙara da cewa in ta ce a bari, zai bari, shi zai ɗauki laifin. Har cikin ransa so yake ta ce a bari.

"Kai ka yi mai alkawali da bakinka?"

"Na yi, Inna."

"Shina da rai kay yi?"

"Shina da rai."

"To ba ka da wanda za ka koma ka ba haƙuri." Ta ture ƙwaryar waken gefe. "Kuma na ji rantsuwar da yay yi. Ban so ta ba tun ranar. Mi anka ce a ɗora bisa?"

"Karatu. Amma wagga rikoda baki guda gare ta, sai abin da anka hwaɗa kusa da ita taka ɗauka. Bari in nemo liman."

"Bar liman da hidimatai. Ni Ƙulhuwa ɗai na iya sosai. Ta isa?"

Ishaku ya gyaɗa kai. Ya mayar da kaset farko, ya toshe ramukan. Kande ta gyara ɗankwalinta, ta ja jiki kusa, ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa rikodar.

Ya danna.

Ta fara da bisimilla, a hankali, da ƴar muryarta ta tsufa. In ta kai ƙarshen surar sai ta ja numfashi ta koma farko. Ishaku na zaune yana kallon zaren kaset yana barin wannan gefe yana naɗuwa a wancan. Wata kaza ta zo ta sa kai cikin ƙwaryar waken, babu wanda ya kore ta.