Bokitin da Aka Cire wa Gindi

Injiniyan nan mai tabarau shi ya ci gidan Goggo mai wanki. Da biro ya ci shi, yana zaune cikin sanyin ofis, ko takalminsa bai jiƙe ba. Haka Goggo take faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tsaya ba, kuma ba ta rage murya don kowa.

Shekara arba'in da ɗaya tana cikin gidan nan, na ƙarshe a gangaren layi, ɗaki biyu da tsakar gida inda take shanya kayan mutane. Bayan katangarta fili ne, ciyawa da 'yan itatuwa. In aka yi ruwa, ƙasa ta shanye abinta ta yi shiru, bai taɓa tsallake dokin ƙofarta ba. Sai ga katafila. Shekara biyu ana ƙura da ƙara, wanki ya bushe ta sake wanke shi, har aka tsayar da rukunin shaguna mai hawa uku. Sauran filin aka shafe shi da kwalta don motoci, ko inda kaza za ta yi tono ba a bari ba. A can ƙasa, daidai bayan ɗakin mijinta, suka haƙa makeken rami, suka shuka masa ciyawa, suka zagaye shi da waya. Ko ɗigon ruwa babu a ciki. Mutanen layi suka yi ta dariya, wai masu kuɗi sun gina tafki sun manta da ruwan.

Daminar farko ramin ya cika, ruwan ya riƙa tsiyaya ta wani bututu zuwa kwatar layi, siriri, har kwana biyu. Goggo ta ce ashe dai da hankalinsu. Damina ta biyu kuwa, bututun nan amai ya riƙa yi. Kwata ta kasa ɗauka, ruwa ya haura ya bi gangare, gangare kuma a ƙofar Goggo ya ƙare. Sau uku cikin wata guda.

Mijinta tsohon direban babbar mota ne, shekara shida ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, magana ɗaya ta rage masa a baki: “To.” Ta ɗora ƙafafun gadonsa a kan bulo bibbiyu. Bangon da ke kansa ya jiƙe har ƙugu, ya tsage daga sama, tsagar da za ta iya zura hannu a ciki. Ta nuna masa, ya ce, “To.”

“To ɗin me? A kanka zai faɗo, kana ce mini to!”

Auta, 'yarta ta ƙarshe, shara take yi a cikin shagunan nan. Ita ta karanta mata sunan kamfanin da ya zana wurin a jikin allo, ta kwatanta mata ofishin.

“Amma Inna, don Allah kada ki ambace ni.”

“Da ke aka gina? Tafi wurin tsintsiyarki.”

Safiya uku Goggo tana zama a kan kujerar baƙi, tsakanin tulun ruwan sanyi da wata fulawar roba, yarinyar da ke kan tebur tana ce mata oga yana taro. Rana ta uku ta ce to ita ma taron ta zo, ta miƙe ta nufi ƙofa. Shi ne injiniyan ya fito. Yaro ne, bai kai ɗanta na biyu ba, siriri, tabarau na zamewa daga hancinsa. Ya shimfiɗa mata wata takarda mai faɗin tabarma, duk zane.

“Mama, ramin nan an yi masa lissafin ruwan shekara hamsin.”

“Ruwan me?”

“Irin babban ruwan da ba a cika ganinsa ba sai kamar sau ɗaya a shekara hamsin. Ko shi ya zo, ramin zai riƙe.”

“To ni na yi shekara ɗari da hamsin ke nan a watan nan. Dube ni da kyau, ka ga alama?”

Yarinyar kan tebur ta ƙunshe dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗauko kofin takarda, ya huda gindinsa da biro, ya cika shi da ruwa, ya riƙe a kan kwandon shara. Ya ce rufin kwano da kwalta ba sa shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansu gudu yake yi, shi ya sa ake tara shi a rami, a sake shi kaɗan-kaɗan ta 'yar huda, yadda kwatar layi za ta iya ɗauka. Ruwa na ɗiga daga kofin, ɗis, ɗis.

“Mai wanki kake koya wa bokiti?” in ji Goggo. “Ɗan nan, na gane tun kafin ka ɓata kofin. Naka bokitin ba huda gare shi ba. Gindin ne babu.”

“Ba zai yiwu ba, Mama. Ni na tsaya aka ɗaura farantin.”

“Tashi mu je ka nuna mini shi. Ko takalmin ne ba ya son laka?”

Ya kuwa tashi, wannan dai a yaba masa. A motarsa suka je, tana gaba, ta ƙi ɗaura bel.

A kusurwar ramin akwai wani akwatin kankare, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Injiniya ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Goggo ta ture shi ta leƙa. Bakin bututu ne a wangale, akuya za ta shige ba ta sunkuya ba. A gefensa guntayen ƙarfe huɗu, an yanke su, sun fara tsatsa.

“Nan ya kamata a ce akwai farantin ƙarfe,” ya ce a hankali, “mai huda kamar bakin kofi.”

Idon Goggo ya riga ya kai rumfar maigadi a jikin waya. Butar shayi na kan kurfoti, kurfotin kuma na zaune a kan wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, baƙi ƙirin da hayaƙi, da huda a tsakiya inda ake tura toka.

“Baba maigadi, sannu da hutawa. Ina ka samo wannan?”

“A yashe na gan shi, Goggo.”

“A yashe a ina? Daga sama ya faɗo? Ni nake wanke maka kakin nan da ke jikinka, dube ni ka faɗa.”

Tsohon ya dubi injiniya, ya dubi ƙasa. Ya ce bayan daminar bara Manajan shagunan ya kawo mai yankan ƙarfe. Ruwa yana kwana biyu a ramin, har ya taɓo gefen filin motoci, matar wani mai shago ta jiƙa takalmi, masu haya suna ƙorafin sauro. Manaja ya ce 'yar hudar nan ce ke hana ruwa tafiya, a buɗe masa hanya ya wuce.

“Ya wuce ina?” in ji Goggo.



Injiniya ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. “Kin gani, Mama, zanena daidai yake.”

“Zanenka! Ka ɗora mini tafki a kan katanga, ka rataya rayuwata a kan ƙusa huɗu, ka juya ka tafi. Ka faɗa wa wani a nan amfanin farantin? Ka faɗa mini, ni da ke ƙarƙashinsa?”

“Yana cikin littafin da muka miƙa musu.”

“Baba, ka karanta littafi?”

Maigadi ya ce shi ko gani bai yi ba.

Ofishin Manaja yana hawa na uku, bango guda duk talabijin ne masu nuna kowane lungu na ginin, ban da ramin. Mutum ne mai ƙiba da taushin murya. Ya sa aka kawo wa Goggo lemo, ba ta taɓa ba.

“Wane faranti?” ya ce. Da injiniya ya yi bayani, sai ya jingina. “Wa ya ce ni na sa? A rubuce yake? Maigadi? Mutumin da ke barci a tsaye?”

“Bar wanda ya sa,” in ji Goggo. “Ga shi can ƙarƙashin buta. A mayar yau.”

Manaja ya ce ai ba haka ake yi ba. Duk abin da ya shafi gini sai masu wurin sun amince, su kuma ba a garin suke ba. Injiniya ya ce shi ya riga ya miƙa aiki an sa hannu, ba shi da ikon taɓa ko ƙusa, amma zai rubuta wasiƙa mai zafi.

“Kwana nawa wasiƙa take yi?”

“Sati biyu. Ko uku.”

Goggo ta nuna taga. Gabas ta yi baƙi tun hantsi. “Shi ma ka rubuta masa ya jira.”

Ta kai ƙofa ke nan Manaja ya ce, cikin murmushi, “Iya, yarinyar nan mai shara a hawa na biyu, ba 'yarki ba ce? Tana da ƙoƙari.”

Ta fice abinta. Ba ta juyo ba.

Da yamma ta sami mai walda na bakin layi. Ya ce aikin rabin awa ne, kuma ba zai karɓi komai ba, shi ma shagonsa na shan ruwan. Washegari suka je da injinsa a baro. Ƙofar waya ta sha sabon kwaɗo. A rumfar maigadi kurfoti na zaune a kan ƙasa tsura, farantin babu shi. Tsohon ya ba su baya yana ta fifita wutar da ta riga ta kama.

“Baba, ina ƙarfen?”

“Wane ƙarfe, Goggo?”

Mai walda ya ce in ya tsallaka waya ɓarawo za a kira shi, yana da 'ya'ya biyar. Ba ta ga laifinsa ba. Suka juyo da baro.

Kwana tara sama ta yi mata kawaici. Ta cusa tsummoki da siminti a tsagar bango, ta jera buhunan yashi a ƙofa, ta je ofishin tsara gari sau biyu aka ce mai duba magudanai ya fita zagaye. Rana ta goma, wajen ƙarfe biyu, tana guga, aka tsuge. Kafin ta kwashe shanya ta ji ƙugin bututun, irin na babbar mota a kan tudu. Ruwa ya zo ja, da ledoji da baƙin mai na filin motoci, ya bi ta kan buhunan kamar babu su. Ta shiga ɗaki, ya kai mata cinya, yana lasar katifa. Bango na zubar da ƙasa a kan bargon mijinta. Ta kama shi ta hammata, ta kasa ɗagawa. Ta yi ihun da ba ta taɓa yi ba ko a naƙuda.

Mai walda da maƙwabcinsa mai facin taya suka shigo, suka ɓalle ƙyauren ɗakin, suka ɗora shi a kai. Suna tsakar gida bangon ya zauna. Ba wata ƙara mai yawa, ya dai durƙusa a kan gadon, rufi ya biyo shi. Kayan mutane da ta goge, riguna da zannuwan gado da kayan makarantar yara, suka fita ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

A shagon mai walda aka shimfiɗa wa mijin nata kwali tsakanin ƙarafa. Bai ce komai ba, ko kalmar tasa. Ido kawai.

Mai duba magudanai ya zo washegari, wanda ta nema sau biyu ba ta samu ba. Ya zo da gwangwanin jan fenti. Ya zagaya, ya yi rubutu, ya zana babban gicciye a bangon ɗakin da ya rage. Ya ce ginin hatsari ne, a fita cikin kwana bakwai, kuma ba za a ba da izinin sake gini ba, don gidan a kan hanyar ruwa yake.

“Ni ce a kan hanyar ruwa? Ruwan ne aka kawo kan hanyata! Je ka leƙa akwatin can ka gani.”

Ya ce can filin kamfani ne, takardunsu kuma cikakku ne, da hatimi.

Mai faci ya kira mata injiniya a waya. Ya ce wallahi ya aika wasiƙar, yana jiran amsa, ya yi mata jaje. Ta miƙa wa mai faci wayarsa.

Ba ta wanke ƙafa ba, ba ta canza zane ba. Ta hau gangaren, ta ratsa filin motoci da ya bushe tas yana sheƙi, ƙofar gilashi ta buɗe mata da kanta. Ta taka farin tayil har tsakiyar ginin, gindin matakalar nan mai tafiya, laka na bin sawunta. Masu sayayya suka dare. Can gefe Auta ta tsaya da sandar goge ƙasa, hawaye na zuba, ta rasa ko uwar za ta nufa ko sawun.

Goggo ta ɗaga kai sama, wajen hawa na uku.

“Ku sauko! Mai zane ya ce zanensa daidai ne. Mai ofis ya ce ba a rubuce yake ba. Mai fenti ya ce takarda cikakkiya ce. Kowa daidai, to wa ya rushe mini ɗaki? Mijina na kwance a kan kwali kamar kayan gyara. Ba lemo na zo sha ba, ba jaje na zo karɓa ba. Mutum ɗaya nake nema, mai baki, ya tsaya nan gabana ya ce shi ne. Ku kira masu gadi su ɗauke ni, gobe ina nan. A cikinku wa zai amsa? Ya sauko!”