Ruwan da Ya Ƙi Barin Gidan Akawu

Akawu ya sake cika bokiti, ya taka bulo, ya watsa ruwan ta saman katanga. Tun wayewar gari yake wannan aiki. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya shigo gidan har ƙauri, ga shi da yamma za a sallamo surukarsa daga asibiti, ta ƙarasa jinya a ɗakin baƙi, inda yanzu katifa ke yawo kamar kwalekwale.

"Baban yara, ni fa ban ga yana raguwa ba," in ji matarsa, tana tsaye a kan benci da tukwane a rungume.

"Ba a auna ruwa da ido. Ki bar ni da aikina."

Bayan katangar nan, gidan maƙwabcinsa Tela ne. Akawu ya san da haka, amma ya daɗe da cire Tela daga cikin masu rai, tun rigimar da suka yi a kan wani reshen mangwaro da ya tsallako ba izini. A wajensa, bayan katangar nan fili ne.

Da hantsi silifas ɗinsa na hagu ya shige bokiti bai lura ba, ya watsa har da shi. Yana cikin laluben ƙasa da ƙafa sai ga silifas ɗin ya ɓullo daga bayan kicin, yana tafe a hankali kamar wanda ya dawo daga unguwa. Akawu ya bi ta inda ya fito. A can ƙarshen katangar ya ga hannaye biyu sun ɗago wata robar wanki, sun juye masa ita a gida.

Mai hankali da ya zagaya ya yi sallama. Akawu kuwa babban bokiti ya sa aka miƙo masa.

"Maman yara," ya ɗaga murya yana kallon katanga, "ki gaya wa mutanen can ruwansu yana shigo mana."

"Uwargida," in ji muryar Tela daga can, "ki gaya wa mutanen can nasu ne muke mayar musu."

"Tambaye shi, da sunana a jikin ruwan?"

"Da takalminsa dai."

Daga nan sai haki. Wannan ya watsa, wancan ya mayar. Akawu ya cire riga. Bayansa ya riƙe, ya ɗaure shi da ɗankwalin matarsa ya ci gaba. Kafin la'asar kwalbati ya janye ruwan layin gaba ɗaya, maƙwabta har sun shanya tabarmi, gidaje biyu kaɗai suka rage da nasu, cif yadda yake.

A haka tasi ta tsaya a ƙofa. Suruka ta leƙo tsakar gida tana dafe da sanda, ta dubi katifar, ta dubi mijin 'yarta da ɗankwali a ƙugu.

"Sannu da aiki," ta ce.

"Yauwa, Mama. Saura kaɗan."

Matar Tela, wadda ta fito taya ɗaukar kaya, ta karɓi jakar magunguna. "Mama, ku zo ɗakinmu na sama, ko ɗigo bai shiga ba. Ku zauna har nan ya bushe."

Nan da nan aka kama tsohuwa aka shige da ita gidan Tela. Matar Akawu ta dawo ɗaukar bargo.

"Sai ka shirya," ta ce. "Kullum da safe za ka shiga ka gaida ta. Kuma keken ɗinkin maigidan a gindin matakala yake, nan yake wuni."

Akawu ya dubi bokitin, ya dubi bulon da yake takawa.

"Tagar ɗakin nan na sama," ya ce a hankali, "ana jin magana daga nan?"