Abin da Ake Nunawa a Kanada Ranar Alhamis

Dalyop ba mai magana ba ne, kuma Kaneng ta san haka tun kafin ta aure shi. A Bukur, inda ya koyar da lissafi a sakandare, mutum ne da zai zauna da kai daga la'asar har magariba, ya miƙe ya ce hira ta yi daɗi, alhali bai ce komai ba sai "haka ne". Zama kusa da irin wannan mutumin ba laifi. A waya ne abin yake zama aiki.

Ita ta fara tahowa Amurka. Ta samu aikin nas a wani asibiti, ta kama ɗan gida a Upper Marlboro. Shi kuwa aka hana shi biza, ya koma, aka sake hana shi. Da ya ga haka sai ya nemi karatu a Kanada, ya samu, ya sauka a garin Hamilton, wai ai ya matso kusa. Ya matso kam, a taswira ɗan yatsa ɗaya ya rufe tsakaninsu. Takardun da ta cike masa suna can wani ofis suna bin layi, shekara na bin shekara, ɗansu Dung yana Jos wajen kakarsa yana ƙara tsawo a hoto. In ta samu hutu ta je Hamilton, in ba ta samu ba sai waya.

"Baban Dung, ya aiki?"

"Lafiya."

"Ya sanyi?"

"Akwai shi."

Daga nan sai shiru, katin waya yana ta ci. Kaneng takan ajiye wayar ta zauna a bakin gado tana jin tsoro, don ta ga aure da yawa a ƙasar nan da ba faɗa ne ya kashe su ba, abin faɗi ne ya ƙare.

Abin da ya cece su talabijin ne. Wata Alhamis da yamma suna cikin shirun nasu, sai ta ji kiɗan da ke tashi a falonta yana tashi a cikin wayar. Ashe tashar da Dalyop yake kamawa, wata babbar tashar 'yan kasuwa ta Kanada, sayen shirye-shiryen Amurka take yi ta nuna su daidai lokacin da ake nunawa a nan, talla kawai take canzawa. Shirin na wani mai gyaran famfo ne, ƙato mai tumbi, da 'ya'yansa mata uku da surukarsa da ta zo kwana biyu ta ƙi tafiya. Suka sa masa suna Mai Tumbi.

Tun daga ranar, Alhamis ta zama tasu. Kaneng ta roƙi a daina sa ta aikin yamma ranar, ta karɓi Asabar a madadi. Takan dama gwaten acca ta zauna da kwano a cinya, waya a kafaɗa. Ba sai an nemo magana ba, Mai Tumbi yana yi musu. In an tafi talla sai su yi musaya: ita ta ce masa ga lauyan da ke neman wanda mota ta buge, shi ya ce mata ga tayar shiga dusar ƙanƙara. Malamin lissafi ne, ya haddace jerin shirye-shiryen tashar kamar jadawalin makaranta, labarai, kacici-kacici, Mai Tumbi, sannan 'yan sanda. Mutumin da ba ya haɗa jimla biyu, sai ga shi yana dariya har da tari. Wallahi don wannan tarin kaɗai Kaneng za ta iya yin Asabar ɗin duniya.

Ana nan har wani Nuwamba. Pauline, 'yar Kafanchan da suke aiki tare, tana da ƙanwa a Toronto, kuma Pauline ba ta iya riƙe labari ya kwana. Suna cin abinci a ɗakin hutu ta ce, "Ke, ƙanwata tana ta mita. Wai tasharsu ta cire Mai Tumbinku tun Satumba."

"Ba dai tasu Baban Dung ba."

"Ita fa. Tasha ɗaya ce duk ƙasar. Sun yi sabon tsarin shirye-shirye, sun sa wani abu nasu na gida a wurin. Ta duba ko'ina, ba mai nuna shi."

Kaneng ta ce, "Makon jiya muka kalla tare."

Pauline ta ajiye cokali. Ta dube ta irin kallon da suke yi wa majinyacin da ya rantse yana shan maganinsa. "Ke kika kalla. Shi me yake kallo? Ni dai ban ce komai ba, 'yar'uwa. Amma namiji shi kaɗai, a ƙasar sanyi, waya a kunne ɗaya, ɗayan kunnen fa?"

Wai Pauline ba ta ce komai ba. Kaneng ta ƙarasa aikin ranar ba ta san me ta ci ba. A hanya, a mota, ta dinga juya maganganunsa na watannin nan. "Kai, mutumin nan!" "Wannan mata ba dama." "Ka ji fa!" Babu ɗaya da ba za ta hau kowane shiri a duniya ba. Ta taɓa tambayarsa ko ya ga hular da surukar ta sa, ya ce Allah ya sawwaƙe. To, ya gani ko bai gani ba? Wata uku mutum yana yi mata dariyar ƙarya. In zai iya wannan, me kuma ba zai iya ba? Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta tsaya a gefen titi ta share hawaye kafin ta shiga unguwa.

Ranar Lahadi a coci ta yi addu'a, amma rabin addu'ar tsara yadda za ta kama shi ne.

Alhamis ta zo. Ta dama gwate don kada hannunta ya zauna banza, ta kasa sha. Waya ta yi ƙara.

"Maman Dung, an fara?"

Da can "an fara" yake cewa, ba tambaya ba. Sai yau ta lura.

"An fara," ta ce.

Mai Tumbi ya shigo da bututu a kafaɗa, 'yan kallon cikin shirin suka yi dariya, Dalyop ya yi. Ta bari aka ɗan yi nisa. Sannan ta ɗauki rimot ta kashe murya. A allo surukar tana zaune tana karanta wasiƙar mutuwar ƙanenta, ba abin dariya ko kaɗan. Kaneng ta buɗe baki ta ƙyalƙyale da dariya.

Dalyop ya ɗan jinkirta, sannan ya bi ta. Har da tarin.

"Kai, mutumin nan!" ya ce.

"Wane mutum?"

Ta sake tambaya.

"Baban Dung, wane mutum? Ba ya ma cikin ɗakin. Ƙanen tsohuwar ne ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Dalyop.

"Tun Satumba suka cire shi a tasharku."

"Haka ne."

"Wa ke wurinka?"

"Wurina? Ba kowa."

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ta ji yana gyara zama, kujerar nan tasa ta gwanjo ta yi ƙara. Ya ce, "In na gaya miki, sai mu koma ya aiki, ya sanyi. Ni kuma ban iya ba, kin sani. Ta wayar ina jin naki. Ina jin rabi, ragowar ina jin ki."

Kaneng ta dubi kwanon gwaten. Ta shirya wa kishi, ta shirya wa kuka, har jawabin da za ta yi wa fasto ta tsara. Wannan ne kawai ba ta shirya masa ba.

"Talabijin ɗin naka a kunne yake?"

"A kunne. Na kashe murya. Saboda talla, ko da za ki tambaya."

"Me suke nunawa?"

"Wasu mutane ne masu kamun kifi. Tafki ya daskare, sun huda rami a ƙanƙara, sun zura ƙugiya."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Suna zaune a kan bokiti."

"Kowace Alhamis?"

"Kowace Alhamis."

"Sun kama?"

"Ni dai tun Satumba ban ga sun kama ba."

A allonta Mai Tumbi ya dawo, yana ta buɗe baki ba murya. Kaneng ta danna rimot, allon ya yi baƙi. Ta jawo kwanon, ta gyara wayar a kafaɗa.

"Su nawa ne?"

"Biyu."

"Yanzu me suke yi?"

"Ɗayan ya leƙa ramin. Ya koma ya zauna."

"Ba su tashi ba?"

"Ba su tashi ba, Maman Dung."

"To ƙara murya," ta ce. "Ka matso da wayar."