Bibiron Khairiyya

Likita ta sauke Khairiyya daga kan sikeli, ta sake duban Hansatu.

"Shekara uku kika ce, Madam?"

"Uku da watanni," in ji Hansatu, kunya ta kama ta. Duk wanda ya ga yarinyar sai ya ɗauka ba a yaye ta ba. Tun daga Gassi take addu'a a cikin bas, kada a ce wata babbar cuta ce ke cin 'yarta.

"Me take ci?"

"Ina fa ci! Tuwo ta tofar, nama ta yi kuka. Tsirfa ce da ita. Shayin babanta kawai take sha a bibiro, kwalbar nan ta shayar da jarirai, da shi take barci."

Lawal, mijin Hansatu, mai shayi ne a bakin tasha, kuma hannunsa ba ya rowar sukari, balle ga 'yarsa.

Likitar, Dokta Sakinatu, ta tsuguna ta ɗaga leɓen yarinyar da yatsa. Haƙoran gaba sun zama baƙaƙen guntaye, turame biyu sun rarake, dasashi ya kumbura.

"Ai na nono ne, za su faɗi," in ji Hansatu.

"Kafin su faɗi da me za ta tauna? Ba tsirfa ba ce, 'yar'uwa. Ciwo take ji. Yunwa na cinta, baki ya hana."

Hansatu ta tuna sau nawa ta ɗura mata loma tana faɗa, sai hawaye. Ta sunkuyar da kai tana jiran a wanke ta tas, amma likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ba yarinyar maganin zafi, ta sa ranar ganin mai haƙori, ta ce abinci mai laushi, sannan ta miƙa hannu.

"Bibiron kuma ki bar mini shi ajiya."

Hansatu ta miƙa da hannu biyu. Ta yi godiya da Hausa, ta ƙara da "shukran katir" na Larabci, duk ta ga bai isa ba.

A tasha ta sayi dafaffen ƙwai don kanta, domin tun safe ba ta karya ba. Tana ɓarewa sai ga ɗan siririn hannu. Khairiyya ta gutsura a tsorace, ta jira zafin. Bai zo ba. Ta cinye tas, ta lashe yatsu.

"Inna, ƙara."

Bas ɗin Gassi ta cika ta tashi ba da su ba. Hansatu na can tana kwaɗa wa mai ƙwai kira.